Yadda Ake Gano Dalilin Rawar Sitiyari Mai Zuwa Tana Ɗaukewa a Tsohuwar Mota

Rawar sitiyari iri biyu ce. Akwai wadda kullum tana nan, wannan ko yaron gareji zai gano ta. Akwai kuma mai zuwa tana ɗaukewa: yau ka fita daga Bauchi sitiyari na kakkarwa a hannunka, gobe ka bi wannan hanyar dai lafiya lau, ka kai wa bakanike ya zaga da motar ya dawo ya ce, "Alhaji, ni fa ban ji komai ba." Ita ce mai cin kuɗi. Na sha ganin masu Golf 3 da 406 da tsofaffin Corolla, har da direbobin Sharon masu lodin Gombe, suna bin layi ɗaya: a yi balansin, a yi alaimen, a canza tayrod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya), a canza shokazoba, aljihu ya bushe rawa tana nan daram.

Matakin farko ba ya buƙatar sifana. Ka gano lokacin da rawar take zuwa. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta mai laushi, ba wajen gargada ba, ka ɗauki wani ya zauna gefenka yana duba maleji. A wane gudu ta fara, a wane gudu ta ɗauke? Ƙafarka tana kan totur ne, ko kan birki, ko ka saki duka? Minti nawa ke nan da tashinka? Amsoshin nan sun gama rabin aikin, amma mutane ba sa haƙurin tattara su.

Idan tana zuwa tsakanin kilomita 80 zuwa 110 a awa, ta lafa in ka wuce ko ka rage, taya ce ko rim. Idan sai ka taka birki, musamman a gangara, faifan birkin gaba ne ya cinye ba daidai ba. Idan sai ka danna totur a hawa, kana ɗaga ƙafa ta ɗauke, a duba haɗin ciki na shaf, wato sandar da ke juya tayar gaba. Idan motar na tsaye a giya sitiyari na rawa, bar zancen ƙafar mota gaba ɗaya, robar mazaunin inji ce ko kuma injin ne ke tsallake wuta. Idan kuwa a kujera kake jin ta fiye da a hannu, matsalar a baya take.

Daga nan sai abubuwan da ba a biyan ko sisi. Ɗaure notocin taya duka, kar ka yarda da cewa mai faci ya ɗaure. Gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi. Leƙa bayan rim: da damina, wanda ya shiga ƙauye ta hanyar laka yakan fito da busasshen taɓo manne a ciki, nauyinsa ya ɓata balansin, bayan kwana biyu ya faɗi da kansa rawa ta tafi, sai mutum ya ɗauka aikin bakanike ne ya ci. Shafa tafin hannunka a kan tayar ka zagaye ta, kana neman kumburi ko wajen da ya karkace. Tayar da wayar cikinta ta fara rabuwa tana sa sitiyari lilo dama da hagu ko a gudun 30, kuma zafin kwalta na watan Afrilu yana ƙara fito da ita. Duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun DOT a gefenta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar gwanjo mai kyan zane da shekara takwas a kanta, ni a wurina ba ta da hurumi a gaban mota, ko nawa aka rage maka. Sai ka mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. In rawar ta bar hannunka ta koma kujera, ka kama ɓarawo.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa. A ce tayoyi lafiya, an yi balansin, kuma rawar ba ta zuwa a cikin gari. Kana yawo tsakanin Wunti da Yelwa ba ka jin komai, amma ka kama hanyar Gombe, kafin ka kai Dindima ta fara, tana ƙaruwa, motar ta yi nauyi kamar ana riƙe ta, wani lokaci tana ja gefe ɗaya. Ka tsaya a Alkaleri ka yi salla ka sha ruwa, ka tashi ta ɗauke tamkar ba a yi ba. Wannan kalifar birki ce ke kamawa, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai. Fistin ɗinta ko ƙusoshin da take zamewa a kansu sun yi tsatsa, takalmin birki ba ya sakin faifai sosai, yana gogarsa a hankali har ya ɗauki zafi. Da ƙarfe ya yi zafi sai ya kumbura, kamun ya ƙaru, rawa ta zo. Da ya huce sai komai ya koma daidai. Shi ya sa bakanike ba ya jin ta: motar da aka kai masa ta huce, zagayen minti biyar kuma ba zai tashe ta ba.

Don haka a gefen hanya ake kama ta, tana tsakar yi. Rage gudu da giya, ka taɓa birki kaɗan gwargwadon iko don kar kai ma ka ƙara masa zafi, ka faka inda babu haɗari. Kusantar da bayan hannunka ga rim ɗin dama, sannan na hagu. Kar ka taɓa faifan, zai ɗauke maka fata. Ɓangaren da ke kamawa za ka ji hucinsa tun daga nesa, da ƙaurin abu mai ƙonewa, kuma za ka ga baƙar ƙura ta fi yawa a rim ɗin. Ɗiga ruwa kaɗan a kan noti, in ya yi cuu ya ƙafe alhali ɗaya gefen bai yi ba, magana ta ƙare. Ɗigo na ce. Masu kwara jarkar ruwa a kan faifai mai zafi su ne ke lanƙwasa shi da hannunsu.

A gareji, kar ka yarda a ce "a sayo kalifa" kai tsaye. A ɗaga motar, a sa mata madogari ban da jak, a taka birki sau da yawa a saki, a juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, a sassauta ɗan notin da ake fitar da iskar birki. Idan man birki ya yi tsartuwa tayar ta saku nan take, kalifa ba ta da laifi, mai ne ya kasa komawa, kuma galibi tiyon robar da ke kai mai ga kalifa ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya wuce amma ba ya bari ya dawo. Ta waje za ka gan shi garau. Kuɗinsa bai kai na kalifa ba, kuma gara a canza na gefe biyun. Idan kuwa an sassauta tayar ta ci gaba da kamewa, to fistin ne ko ƙusoshin. A wanke su, a canza robobin da suka yage, a shafa giris na birki. Giris ɗin boris na gama-gari yana kumbura roba, bayan 'yan watanni ka dawo gidan jiya. Man birkin ma a zubar da tsohon duka, domin yana shan danshi, shekara biyu ta ishe shi. Motar da aka taɓa ɗura wa ruwan sabulu a hanya don mai ya ƙare, ita kam kada ka yi mamakin tsatsar da za a tarar.

Tunda motar na sama, a gama da ƙafa. Kama tayar dama da hagu ka girgiza, in da wasa tayrod ne. Kama ta sama da ƙasa, in da wasa boris ne ko boljoyin. A zura ƙarfe a banƙare bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, a ga ko ya tsage. Waɗannan ba su cika haifar da rawa su kaɗai ba, sai dai ƙaramar matsalar taya su mayar da ita babba, ko rami ɗaya ya tashe ta. Faifan da ya riga ya ƙone ya yi shuɗi-shuɗi a canza shi tare da ɗan'uwansa da sababbin takalma. Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an gama canje-canje, don ba ya maganin rawa, cin taya da jan gefe yake gyarawa. Abu ɗaya za ka riƙa gyarawa a lokaci guda, sannan ka koma waccan hanyar, a wancan gudun, ka yi aƙalla rabin awa kafin ka biya cikon kuɗin aiki.