Yadda ake zaɓen man giya idan giyar hannu na ƙin shiga lokacin sanyi

Ka tada mota da sassafe, ka taka kuloci har ƙasa amma giya ta ɗaya da ta biyu sun ƙi shiga sai da kokawa, bayan tafiyar minti goma kuma komai ya yi laushi. Galibi man ne ya yi kauri saboda sanyi, sai zoben sinkiro, wato zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin ta shiga, ya kasa ture shi ya kama giyar da wuri.

Fara duba kuloci tukuna, in ba ya saki gaba ɗaya to ba man da zai gyara maka. Sai ka duba ko man giyabos ɗin ya ragu.

Daga nan buɗe littafin motar ka ga me kamfani ya ce, don ba duka ke shan abu ɗaya ba, wasu GL-4 suke so (GL lamba ce da ke nuna ajin man giya), wasu man ATF na otomatik ake zuba musu, Honda ma nata man giyar hannu gare ta, MTF. Anan ne mutane ke yawan yin kuskure wallahi, suna ganin GL-5 ya fi lamba sai su ɗauka ya fi kyau, alhali an yi shi ne musamman don difaransha, wato giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi, sinadarin sulfa da fosfaras ɗinsa ya fi yawa, yana iya sa sinkiro santsi ya ƙi kamawa, wasu kuma na cin tagullar zoben a hankali. In littafi ya ce GL-4, tsaya a GL-4.

Sai lambar kauri. A lamba irin 75W-90, wadda ke zuwa kafin W ita ke nuna halin man a sanyi, 75W ana gwada shi a -40°C, 80W kuma a -26°C, shi ya sa 75W-90 ya fi 80W-90 sauƙin shiga da safe. Ni dai sintetik nake zaɓa, ya fi gudana kafin mota ta yi zafi. Amma kar ka sauka ƙasa da kaurin da aka rubuta.

Wajen juye, ka ɗan zaga da motar man ya yi ɗumi, ka ajiye ta a wuri mai daidai, ka fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kar ka zubar da tsohon sannan na saman ya ƙi kwancewa. Zuba sabon har ya fara tsiyaya daga ramin zubawar.

Bayan juyen, ka ba motar 'yan kwanaki. In har giyar na yin ƙara wajen shiga ko da mota ta yi zafi, mai yiwuwa sinkiron ne ya cinye, sai bakanike ya buɗe.