Yadda nake sharhin littafin da bai kwanta min ba

Ƙanwar wani abokina ta taɓa aiko min da littafinta, ta ce ni zan yi sharhi ranar ƙaddamarwa. Tun ban kai shafi na 20 ba na soma hamma. Duk da haka na je wurin taro na zuba yabo, aka tafa, aka miƙo min ambulan na kuɗin mota. Bayan wata biyu wani ɗalibi ya tare ni ya ce, "Malam, saboda maganarka na sayi littafin nan." Daga haka bai ƙara ba, ya wuce. Tun ranar na sauya tsari.

Da farko ka karance shi tas, ko da kana ji kamar shan maɗaci. Wanda ya tsaya a babi na uku ba shi da bakin cewa labarin ba shi da kan gado, don bai ga inda aka warware shi ba. Ni da fensir nake karatu, duk inda raina ya sosu in ja layi in rubuta dalili a gefe.

Sai ka koma kan layukan nan ka tace su, nan ne aikin yake. Wani ƙin naka ne, wani kuma laifin littafin ne. Ni dai labarin kishiyoyi ya ishe ni, amma wannan ba matsalar marubuciya ba ce, akwai masu karatun da shi suke nema. Abin da za ka tambaya shi ne: me ta ɗauko, kuma ta kai shi gaci? Idan tauraruwar da aka ce ba ta taɓa fita ƙauyensu ba ta wayi gari tana tuƙa mota a Abuja ba tare da an nuna yadda aka yi ba, wannan rauni ne na zubi da tsari, ka faɗa, ka kawo lambar shafi. Idan an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa", ko an manne "ya ce" wuri guda daga farko har ƙarshe, ka ambata sau ɗaya da misali biyu ka wuce. Sau da yawa rashin edita ne da gaggawar maɗaba'a.

Akwai kalmar da nake jan kunnen kowa a kanta: "ɓata tarbiyya". A wurinmu ba ra'ayi ba ce kawai, tuhuma ce. Kano na da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, kuma a 2007 an cinna wa littattafan Hausa wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Galibin masu rubuta littattafan soyayya mata ne, da miji ko iyaye da dangin da za su ji abin da ka faɗa. In akwai batsa, nuna inda take. In kuwa haushin salon kawai kake ji, kada ka lulluɓe shi da rigar wa'azi. Haka kuma kada ka yi kuɗin goro, irin wanda aka yi a muhawarar jaridu ta shekarun 1990, lokacin da sunan Adabin Kasuwar Kano, wanda aka laƙaba wa irin waɗannan littattafai, ya haɗiye mai kyau da marar kyau. Littafi ɗaya ke gabanka.

Auren marubuciya, shekarunta, makarantar da ta yi ko ba ta yi ba, duk babu ruwanka. Idan kuwa akwai tsohuwar tsama tsakaninku, ko kun taɓa karawa a wata gasa, ka miƙa wa wani aikin.

Abin yabo ma ka neme shi da gaske, ba na share hawaye ba. A littafin ƙanwar abokin nan nawa akwai wata hira tsakanin kaka da jikarta a bakin murhu, wadda har yau nake tunawa. Da ita ya kamata in tsaya a kai a wancan taro, in faɗi sauran yadda suke.

Yanzu in aka gayyace ni ƙaddamarwa, nakan nemi littafin mako biyu kafin ranar. In bai yi min ba, sai in kira mai shi in ce, "Hajiya, ga abin da na gani, ga abin da zan faɗa. In kin fi son wani ya yi, wallahi ba zan ji komai ba." Mutum biyu sun canza ni. Ɗaya ta ce in zo haka nan, ta kuma zo da biro.