Yadda ake koya wa matasa dimokuraɗiyya: a fara da ba su abin da za su yanke da kansu

Yaro ɗan shekara 15 zai iya haddace ma'anar dimokuraɗiyya, ya rubuta ta a jarrabawa ya ci maki, ya fito bai san yadda ake shan kaye a zaɓe ba tare da zage-zage ba. Ni malami ne, ina kuma kula da ƙungiyar muhawara ta ɗalibai. Duk wanda ya nemi shawarata a kan wannan, malami ne ko mahaifi ko jagoran ƙungiyar matasa, abin da nake ce masa shi ne ya ajiye alli tukuna. Ya miƙa wa yaran wani al'amari na gaske su yanke, ya kuma yi alkawari cewa abin da suka yanke shi za a yi.

Ba sai al'amarin ya zama babba ba: wa zai zama monita, ko me za a saya da kuɗin da aji ya tara. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka zo daga baya ka soke sakamako don wanda kake so bai ci ba. Ranar da ka yi haka ka koya musu cewa ƙuri'a wasa ce, mai iko ne ke da ta cewa, kuma wannan darasin ba ya gogewa. Idan akwai abin da ba za ka iya amincewa da shi ba, ka faɗa tun kafin a fara.

Zaɓen kuma a yi shi da cikakken tsarinsa. A samo kwali a huda samansa, a buɗe a nuna wa kowa babu komai a ciki, sannan a liƙe shi a gabansu. A rubuta rajistar masu zaɓe, a ware lungu inda mutum zai yi alamarsa ba wanda ke leƙa shi. A nan nakan gaya musu cewa ƙuri'ar sirri ba daɗaɗɗen abu ba ce, a shekarar 1856 wasu yankunan Ostireliya suka fara aiki da ita irin yadda muka san ta a yau. Kafin nan, a ƙasashe da yawa mutum a bainar jama'a yake faɗin wanda ya zaɓa, ubangidansa na tsaye yana ji. Da sun ji haka sai su gane amfanin lungun.

Wajen ƙidaya ne aji ke ɗaukar zafi. Kowane ɗan takara ya tsayar da wakilinsa a bakin tebur, mai ƙidaya ya ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani kafin ya ajiye ta. Za a samu wadda aka yi wa alama biyu, wakilin wannan ya ce tasu ce, na wancan ya ce lalatacciya ce. Kada ka raba gardamar. Ka tambaye su: me muka amince a kai kafin a fara? Idan ba su amince a kan komai ba, su zauna su rubuta ƙa'ida saboda zaɓe na gaba. Daga nan suke fahimtar dalilin da ya sa ake rubuta doka kafin a san wanda za ta amfana. Bayan an faɗi sakamako, wanda ya sha kaye nake fara bai wa damar magana, in kuma ba shi aikin sa ido a kan alkawuran wanda ya ci, ya kawo rahoto a ƙarshen zangon karatu.

Sai darasin da na fi ɗauka da muhimmanci. Bayan sun ɗanɗana daɗin rinjaye, nakan kawo shawara: ɗalibai uku da ke zaune a benci na baya su riƙa share aji su kaɗai har ƙarshen shekara, wa ya yarda? Hannuwa sukan tashi ana dariya. Sai in juya ga ukun nan in tambaye su ko an yi musu adalci, tunda dai ƙuri'a aka kaɗa kuma an fi su yawa. Dariyar takan tsaya. Wani zai ce ai akwai abin da bai kamata a kaɗa ƙuri'a a kansa ba. To, wannan maganar nake jira, domin ita ce ƙofar haƙƙin ɗan Adam: abubuwan da masu rinjaye ba su da ikon ƙwace wa mutum komai yawansu.

Yanzu ne lokacin fito da takardu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ranar 10 ga Disamba, 1948 a birnin Paris, shekara uku bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sashe 30 ne kacal a cikinta. Kada ka sa su haddace. Ka ba su matsala su nemo sashen da ya dace da ita. An sace waya a aji, kowa ya nuna yaro ɗaya don an taɓa kama shi: sashe na 11 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. An hana wata magana a taro don ra'ayinta ya saɓa wa na kowa: sashe na 19.

Iyaye da yawa suna tsoron cewa maganar 'yanci za ta sa yara su raina manya, kuma bai kamata a yi watsi da wannan tsoron ba. Ka nuna musu abin da aka rubuta. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, a sashe na 12, cewa ta yi a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, a ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Sashe na 29 kuma ya sa girmama iyaye cikin manufofin ilimi. Ita ma sanarwar 1948, a nata sashe na 29, ta ce kowa yana da nauyin al'ummarsa a wuyansa.

Idan za ka ba da labari, ka zaɓi na sa'o'insu. Claudette Colvin tana da shekara 15 lokacin da ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujera a motar bas a Montgomery ta Amurka, a watan Maris na 1955, wata tara kafin Rosa Parks, fitacciyar mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, ta yi haka. Ɗaliban Soweto ta Afirka ta Kudu sun fito ranar 16 ga Yuni, 1976 don ƙin a tilasta musu karatu da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe da yawa. Ka faɗi wannan ɓangaren ma, kada su ɗauka neman haƙƙi abu ne mai arha. Jam'iyyar da kai kake so kuwa, ka bar ta a aljihunka.

Daga nan sai a fita daga aji. Su zaɓi matsala ɗaya da suke gani kullum, famfon da ya lalace ko titin da yara ke tsallakawa babu alama. Aikin farko shi ne gano wanda gyaran ke wuyansa, hukumar makaranta ce ko ƙaramar hukuma, domin yawancin koke-koke a nan suke ɓata hanya. Su ɗauki hoto, su ƙirga mutanen da abin ya shafa, su rubuta takardar koke shafi ɗaya cikin ladabi, da buƙata ɗaya bayyananniya. Mutum biyu ko uku su kai da hannunsu tare da wani babba, su nemi a sa hannu a kwafinsu da kwanan wata. Sau da yawa takardar farko shiru za a ji. Don haka tun ranar da aka kai ta a rubuta a allo ranar da za a koma, da sunayen waɗanda za su koma, da kwafin nan mai sa hannu a hannunsu.