Yadda ake warware kalmomin likitanci masu tushen taksis da kinesis

Kalmomi biyu na Girkanci sun haifi sunaye da dama a littattafan likitanci da kimiyya: taksis, wato tsari ko jeri, da kinesis, wato motsi. Inda muka sa "ks" a nan, littattafai kan rubuta "x".

Fara daga wutsiyar kalma, domin galibi can tushen yake. Sai ka dawo kan gutsuren da aka liƙa a gaba: "a" na nufin rashi, "dis" tangarɗa, "biradi" jinkiri. Ka haɗa su daga baya zuwa gaba.

Ɗauki ataksiya: rashin tsari. Mai ita yana da ƙarfin jiki, daidaita motsin ne ya gagara, galibi saboda matsala a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. Likita zai ce masa ya taɓa hancinsa sannan ya taɓa yatsan likitan. Sai yatsan mai cutar ya riƙa wuce gona, yana karkarwa idan ya kusa isa. Biradikinesiya kuwa jinkirin motsi ce, babbar alamar cutar Parkinson. Ana gwada ta da buga ɗan ali a kan babban yatsa da sauri. Bugun yana ta raguwa, tazarar tana ƙanƙancewa. Diskinesiya motsi ne da mutum bai nufa ba, kamar tsotsar leɓe da wasa da harshe da kan biyo bayan watanni ana shan magungunan taɓin hankali irin su halofaridol.

Mataki na gaba, duba fannin da kalmar ta fito, don ma'ana kan gusa. A ilimin halittu taksis motsi ne mai alƙibla: kemotaksis shi ne yadda fararen ƙwayoyin jini ke bin sinadarin da ke fitowa daga rauni har su isa wurin. Kinesis a nan motsi ne marar alƙibla, saurinsa ko yawan juyawarsa ne ke canzawa. Amma a taksonomi, sunan da masanin tsirrai Augustin de Candolle ya ƙirƙira a 1813 don rarraba halittu, tsohuwar ma'anar jeri ce ta tsaya.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne kamanni. Epistaksis haɓo ne. "T" ɗin ba ta taksis ba ce, tushen "staksis" ne, ɗiga. Furofilaksis, rigakafi, daga "filaks" ne, mai tsaro. Saboda haka kafin ka yanka kalma, ka tabbata ragowar da ta saura a gaba gutsure ne da aka sani. "Epi" sananne ne, "epis" kuwa babu shi, nan za ka gane wuƙar ta sauka ba a gaɓa ba.