Darasi na Tara: Ƙananan Kalmomin Turanci Masu Juya Magana

Wani dattijon tela da ke zuwa ajinmu na yamma, mai shago a Kasuwar Barci da ke Kaduna, ya shigo ran nan ransa a ɓace. Wata mata ta ba shi ɗinkin leshi, daga baya ta turo masa saƙo da Turanci. Ya duba ya gane "come", ya gane "Friday", sai ya ture ɗinkin mutum uku gefe, ya kwana a kan keke daren Juma'a. Juma'ar ta zo ta wuce, babu ita babu dalilinta. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, duba ka gani, ai da hannunta ta rubuta za ta zo."

Ga abin da ke cikin saƙon: "I may come on Friday if I get my salary."

Na ce masa, "Baba, ai ba ta yi maka alkawari ba. Cewa ta yi mai yiwuwa ta zo, shi ma sai idan albashi ya shigo." Kalmomi biyu ya tsallake, "may" da "if", don ya gan su ƙanana. Su da 'yan uwansu za mu yi yau.

Mataimakan aikatau

Turanci yana da wasu kalmomi da ke tsayawa gaban aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, su nuna ko aikin dole ne, ko shawara ce, ko kuwa zato ne kawai. Manyansu tara ne: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. Kada yawansu ya tsorata ku. Wanda ya taɓa ciniki da Turancin buroka a Kakuri ko Sabon Tasha ya riga ya san biyu. "I go come" shi ne "I will come", wato zan zo. "I fit come" kuma shi ne "I can come", wato ina iya zuwa.

Ku ɗauki jimla guda ku riƙa canza mata mataimaki, za ku ji yadda nauyinta ke sauyawa. "He will pay", zai biya. "He can pay", yana da halin biya, amma ba a ce zai biya ba. "He should pay", ya kamata ya biya. "He must pay", dole ya biya. "He may pay" ko "he might pay", wataƙila ya biya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin bashi ya san tazarar da ke tsakanin "zai biya" da "wataƙila ya biya". Shi "shall" ba kasafai za ku ji shi a baki ba, an fi ganinsa a takardar haya ko ta yarjejeniya, inda yake nufin wajibi.

Ƙa'idarsu ba wuya. Aikatau yana bin su tsirara, ba a saka "to" a tsakani, ba a kuma ƙara musu "s" ko da mutum ɗaya ake magana a kansa. Ana cewa "she can sew", ba "she cans sew" ba, ba kuma "she can to sew" ba. Biyu daga cikinsu ba sa jeruwa. A nan ne Hausarmu ke ja mana kuskure, domin mu muna cewa "zan iya", sai ɗalibi ya ɗauko "will" ya haɗa da "can". Abin da ake cewa shi ne "I will be able to come". Haka nan "I can be able", da kuke yawan ji a gari har a bakin masu digiri, maimaici ne. Ku ce "I can" ku tsaya.

Inda nake so mu daɗe shi ne wajen kore magana, don nan ne ake asarar kuɗi, wani lokaci har lafiya. "You must not pay" da "you do not have to pay" sun yi kama a ido, amma ba uwarsu ɗaya ba. Ta farko hani ce: kada ka biya. Ta biyu sauƙi ce: ba dole ba ne ka biya, in ka so ka bari. Idan kwalin magani ya ce "you must not take this medicine if you are pregnant", to mai juna biyu ba ta da zaɓi, kada ta sha. Idan kuma aka rubuta "may cause drowsiness", ana nufin maganin yana iya sa barci. Ba kowa zai sa wa ba, amma mai tuƙa Keke Napep daga Kawo zuwa cikin gari bai kamata ya gwada a kansa ba. Abin da ya shige muku duhu a kwalin magani, ku tambayi likita ko mai kemis, ba abin kunya ba ne.

Ku kula da gajarcewa. "Can't" shi ne "cannot", "won't" kuwa "will not" ne, ko da yake bai yi kama da shi ba. A waya musamman, "can" da "can't" suna ruɗa kunne. In ba ku ji sosai ba, ku sa a maimaita.

"Could" da "would" kuma suna aikin ladabi. Wanda ya shiga ofis ya ce "give me the form" ya yi magana kamar yana aiken ƙaninsa. "Could you give me the form, please?" ita ce daidai da "don Allah ko za ka taimaka mini da fom ɗin?"

Mahaɗai

Mahaɗi shi ne kalmar da ke ƙulla magana da magana. "But" amma ne, "because" saboda, "so" saboda haka. Waɗannan ba su da rigima. "And" kuwa yana yin aikin kalmominmu biyu: mu da "da" muke haɗa sunaye, shinkafa da wake, amma da "kuma" muke haɗa jimloli. Bature "and" ɗin nan kaɗai yake sawa a duka biyun.

Ku buɗe ido tsakanin "and" da "or" a takardun hukuma. "Bring your voter's card or your NIN slip" na nufin ɗaya ya isa. In "and" aka rubuta, duka biyun ake so. Wata ɗalibarmu ta taso tun daga Rigasa, ta bi layi har azahar, aka mayar da ita gida a kan wannan kalma mai haruffa uku. Kuɗin mota biyu ta yi.

Mu Hausawa muna cewa "ko da yake na gaji, amma zan zo", kuma daidai ne a Hausa. Turanci ba ya ɗaukar su tare. Ko dai "although I am tired, I will come", ko kuma "I am tired, but I will come". Ɗaya za ka zaɓa. Haka "because" da "so", ba a tara su a jimla guda.

"If" idan ne, kuma nan Hausa ta taimake mu. Ba ma cewa "idan za a yi ruwa gobe, ba zan buɗe shago ba" in sharaɗi muke nufi, cewa muke "idan aka yi ruwa". To haka Turanci: "if it rains, I will not open the shop". "Will" yana ɓangaren sakamako, ba ya bin "if". Wannan ƙa'ida ta shafi "when", "before", "after" da "until", wanda yake nufin har sai: "wait until they call your name".

Sai "unless", wanda ya fi kowanne wahalar da ɗalibai. Ma'anarsa "sai idan". A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, inda jirgin Abuja ya fara jigila a 2016, ma'aikaci yana iya ce maka "you cannot enter unless you have a ticket", wato ba ka shiga sai idan kana da tikiti. Shi "unless" ya riga ya ɗauki korewa a cikinsa, ba ya buƙatar "not" a bayansa.

Aikin gida

Ku juya waɗannan zuwa Hausa a littafinku, ku ja layi a ƙarƙashin mataimaki ko mahaɗin da ke ciki:

1. You should come early because the queue is long.
2. She might travel to Zaria if her husband agrees.
3. You must not give your PIN to anybody.
4. I won't sew the gown unless you pay half.

Sannan kowa ya nemo kwalin magani ɗaya ko saƙon banki ɗaya daga wayarsa, ya kwafo jimlar da ke da "may", "must" ko "if". Wanda zai kawo saƙon banki ya rufe lambar asusunsa. Ku zo da su ranar Litinin bayan la'asar, da su za mu fara.