Kurakuran masu turka: kafin ka cika wa sanka kwano da dusa

Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, sai samarinmu na Daura su nufi kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, su sayo ramammen sa da ya fito daga Nijar, su ɗaure a turke, tun daren farko a cika masa kwano da dusa da tsakin masara. Wallahi na gaji da ganin wannan.

Saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba. Cikinta kashi huɗu ne, tumbi shi ne babba, na ƙosasshen bijimi yana ɗaukar fiye da lita 100. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya da danginsu, ɗigo ɗaya na ruwan tumbi yana ɗauke da miliyoyinsu. Su ke ruɓar da kara da harawa har jiki ya amfana, in suka gangara hanji kuma su kansu su zama abinci mai gina tsoka.

To bijimin da ya taso yana kiwo a daji, ƙwayoyin tumbinsa na ciyawa ne. Ka afka masa hatsi rana ɗaya, sai masu son gari su yi ta hayayyafa, su cika tumbi da tsami, tsamin ya kashe na ciyawar. Washegari ya daina tuƙa, ga zawo mai wari, in ya tsira ma ɗingishi ya biyo baya don kofato ya taɓu. Wannan ya taɓa cinye min wani jan bijimi ɗan Azawak, da kuɗin gyaɗata na shekara a kansa. Ragowar tuwon biki da ƙanzo aka juye masa wai kada a yi asara, ƙarshenta mahauci muka kira cikin dare, ya saya yadda ya ga dama.

Ni yanzu makon farko harawa ce da kara da ruwa, sai ɗan kanwa. Daga nan dusa cikin tafin hannu, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako 3, don ƙwayoyin su saba. Kuma kullum harawa ke fara shiga da safe, domin tuƙa ke kawo miyau, miyau kuwa shi ke kashe kaifin tsami. Wasu na dama dusa ta yi tsululu, ni yayyafa mata ruwa kawai nake yi.

Sai ku masu kafso! Sa ya ƙi ci, ka ruga kemis ka sayo maganin mutane, ka fasa cikin kwalba ka ɗura masa. Malam, wa ya aike ka? Maganin kashe ƙwayoyin cuta bai san na kirki ba, har na tumbin zai share, ka ƙara wa dabba ciwo da kuɗinka. Kira malamin dabbobi ya duba, in allura ce ya yi. Idan tumbi ya mutu, ni kwata nake sammako, in karɓi ruwan tumbin lafiyayyar saniya da aka yanka a lokacin, in tace, in ɗura a hankali tun da ɗuminsa, kada ya shaƙe.

Leda kuwa ba ƙwayar da ke narkar da ita, a tumbi take taruwa, a share wurin turke. Gyauron dawa yana da guba, kada a saki dabba a kai. Takin yuriya a ɓoye shi nesa da shanu. Ɗanyar ciyawar farkon damina, ba a sakin sa mai yunwa a kanta sai ya ci busasshiya tukuna. In ka ga gefensa na hagu ya kumbura yana nishi, ba zancen jira zuwa safe ba ne, a nemo likita a lokacin.