Yadda ake sabunta dokar ware filin shaƙatawa a garuruwan Kalifoniya

A garuruwan Amurka da dama, duk wanda zai yanka fili ya gina rukunin gidaje sai ya ware wa gari wani yanki na wurin shaƙatawa, ko ya biya kuɗi a madadinsa. Ina cikin kwamitin da ke ba majalisar garinmu shawara kan filayen wasa a nan Kalifoniya, kuma ga yadda nake ganin ya kamata a bi idan dokar garin da ta tanadi hakan ta tsufa.

A fara da lissafin mutane. Dokar Quimby ta 1965 ita ce dokar jihar da garuruwa ke dogaro da ita. Ta ba gari damar neman eka 3 ga kowane mutum 1,000, har zuwa eka 5 idan filayen da garin ke da su sun riga sun wuce eka 3 ɗin. Saboda haka a auna filayen da ke ƙasa tukuna, sannan a ɗauko alƙaluman ƙidaya ta 2020 a ga mutum nawa ke kwana a gida ɗaya. A ce kamfani zai gina gida 200, kowane gida mutum 3: mutum 600 ke nan, kasonsu eka 1.8. Gidan bene mai ƙananan ɗakuna ba ya ɗaukar jama'a kamar gidan iyali, don haka kowanne da nasa ma'auni.

Sai farashin ƙasa. Dokar da aka rubuta shekara ashirin baya tana karɓar kuɗin jiya, a je sayen fili da tsadar yau, kuɗin ba ya kai ko'ina. A sa ƙwararren mai ƙiyasta farashi ya fitar da kuɗin eka ɗaya, a kuma rubuta cewa za a riƙa sabunta shi duk shekara. Wannan ya fi muhimmanci ga ƙananan ayyuka, domin rukunin da bai wuce fuloti 50 ba, galibi kuɗi kawai za a iya nema.

Wurin da na fi tsayawa kai da fata shi ne irin filin da za a karɓa. Idan doka ta yi shiru, mai gini zai miƙo abin da ba ya sayuwa. Na taɓa zuwa duba wani fili da a taswira kore ne shar. Da muka isa, kwari ne da ruwan sama ke taruwa, ga turakun babbar wayar lantarki a tsakiya, babu inda yaro zai buga ƙwallo. A rubuta ƙarara: fili ya zama shimfiɗaɗɗe, yana bakin titi, ba magudanar ruwa ba, kuma mai keken guragu zai iya shiga.

Kotu ma tana kallo. A shari'ar wata mai shago, Dolan, da birnin Tigard na jihar Oregon a 1994, Kotun Ƙolin Amurka ta ce abin da gari ke nema dole ya yi daidai gwargwado da nauyin da ginin zai ɗora wa jama'a. A 2024, a ƙarar George Sheetz, wanda gundumar El Dorado ta caje shi dala 23,420 na hanya kan gida ɗaya, kotun ta ce kuɗin da majalisa ta ƙayyade ma bai tsira daga wannan awon ba. To, kowane adadi ya kasance da rahoton da ke nuna inda aka samo shi.

Kuɗin da aka tara na sayen fili ne da gina shi ko gyara tsohon wuri, ba na yankan ciyawa da albashi ba. Idan shekara biyar ta wuce ba a ɗaura shi kan wani aiki ba, ana mayar wa masu gidajen rukunin. Shi ya sa kafin zaman jin ra'ayin jama'a nake roƙon ma'aikata su zo da jerin unguwannin da ba su da filin wasa kusa, da aikin da za a fara yi a kowacce.